Duwatsun da Nna Ta Goge

Daga Zikrullahi Mamudu, Jamus
Zuwa ga Malama Hadassah Dawuda, Sashen Fiziks, Minna
Watan Yuni

Malama,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Baban Wisdom da sauran mutanen gida. Ina fata ruwan bana bai sake cinye layinku na Maitumbi ba har masu keke su ƙi shiga. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Albishirinki, samfuran sun fito. A cikin duk waɗanda na kwashe shekara ina fama da su, uku ne suka yi yadda ake so. Zan ba Ndaceko, ɗan yayan mahaifiyata da ke zuwa nan sayen kayan gyaran mota, don na fi yarda da aljihunsa a kan kamfanin aike.

Na san ke kika koya mini rabin abin da zan faɗa, amma ki bar ni in ɗan yi alfahari. Kowane samfur guntun silikon kabaid ne da bai kai farce ba, na manna shi a kan ɗan allon lantarki kore. Mun fitar da ƙwayoyin zarra ɗai-ɗai daga cikin dutsen da gangan, kuma a wannan karon gurbin da ƙwayar ta bari ya faɗo a tsakiyar diyod ɗin, wato 'yar mashigar wutar da muka gina a jikinsa. Idan kika ba shi wuta, gurbin zai riƙa sakin haske ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ba sai an haska masa leza ba, ba sai an sanyaya shi ba. Abin da za ki yi wa kaffa-kaffa shi ne wayoyin zinare da suka haɗa dutsen da allon. Sun fi gashin kai siriri, kuma injin da ke ɗinka su babu shi a Minna.

Ga inda maganar ta tsaya. Gidauniyar nan mai tallafa wa bincike da muka nemi taimakonta ta ce idan ɗakin gwajinki ya nuna da kansa, kafin taronsu na Oktoba, cewa hasken ɗai-ɗai yake fita, za su ɗauki nauyin aikin a Minna har da kujerar aikina a wurinku. Shugabana na nan kuma ya ajiye mini sabuwar yarjejeniya ta shekara huɗu, shi ma a watan yake son amsa. Ɗaya zan sa wa hannu, kuma kin san wadda nake so. Tun rasuwar Baba, Nna mahaifiyata ita kaɗai ce a gidan Tudun Wada, gwiwarta ma ta fara ba ta wahala. Ban gaya mata komai ba tukuna, kada in sa mata rai abin bai yiwu ba.

Malama, ban san ta inda zan fara gode miki ba. Ɗakin da kika karɓa da karyayyun kujeru yau yana da tebur na gwajin haske da na'urorin ƙirga biyu da batirin sola, duk da nacinki da roƙonki. Ba don ke ba, da babu inda zan ce zan koma in ci gaba da wannan aiki.

Ki gaishe mini da kowa. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibinki,
Zikrullahi

*

Daga Hajiya Aishat Mamudu, Tudun Wada, Minna
Zuwa ga ɗana Zikrullahi
Watan Yuli

Assalamu alaikum Zikiru,

Ina fata kana lafiya, kana cin abinci, kana sallah a kan lokaci. Mu nan sai godiyar Allah. Ka san ba na son maganar waya idan abu yana da muhimmanci, rabi iska ce ke ɗauka. Shi ya sa na rubuta na ɗauki hoton takardar na turo maka.

Ndaceko ya iso lafiya. Wai daga tasha zai zarce jami'a ya kai saƙon malamarka. Na ce masa tun yaushe mutum yake fitowa daga wurin ɗa ya fara shiga wani wuri bai zo gidan uwa ba? Ya kawo jakar nan, na buɗe, na raba tsaraba yadda ake yi. Alewar ta zagaya layi har gidan liman. Man zafin kuwa Allah ya yi maka albarka, gwiwata ta ji shi.

Sai na zo kan ɗan akwatin da ka rubuta sunan Maman Wisdom. Na buɗe don in ga abin da za ka ba matar da ta yi maka abin da ta yi. Zikiru, na ji kunya. Duwatsu uku a kan wani abu kore, irin na maƙalawa a gaban riga, amma duk sun dushe, ga wata yana siririya ta kewaye su kamar sun shekara a bayan kabad. Haka ake kyauta a Jamus? Ni 'yar Masaga ce, masu ƙera duwatsun wuya. A gidan ubana a Bida ba a taɓa fitar da dutse ba a goge shi ba, ko da na yarinyar maƙwabta ne, balle na malama.

Kada ka damu, na rufa maka asiri. Na ɗumama ruwa, na share yanar tas, na ɗauko garin gogen da na taho da shi tun aurena. Dutsen dai na yaba masa, ban taɓa ganin mai taurinsa ba, garin bai ko karce shi ba. Na farko ya sha aiki har ɗigo-ɗigon rawaya na jikinsa suka fita. Na biyu na yi masa daidai gwargwado. Kafin in zo kan na uku hannuna ya gaji, sai na share shi da ƙyalle kawai na shafa masa man kaɗe irin na 'yan uwansa. Da na ɗaga su a rana sai ƙyalli suke yi.

Na naɗe su a sabon hankici, na sa a ƙaramar tasar tagulla, na haɗa da dambun nama, na hau keke da kaina har Maitumbi. Da ta buɗe sai ta yi shiru, ta daɗe tana kallo, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Hajiya, ke kika yi wannan da hannunki?" Na ce ni ce. Ta riƙe hannun nawa ta yi ta godiya. Ka koyi wannan, kyauta idan ta yi kyau mutum magana ma gagararsa take yi.

To yaushe za ka dawo? Kowa ya tambaye ni sai in ce ya kusa, har na gaji da faɗa.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Aishat

*

Daga Malama Hadassah
Zuwa ga Zikrullahi
Watan Yuli

Zikiru ɗana,

Muna lafiya, Baban Wisdom yana gaishe ka. Ina fata wannan saƙo zai same ka a zaune, don ba na tsaye ba ne.

Samfuran sun iso hannuna ranar Asabar a cikin tasar tagulla, suna ƙanshin man kaɗe. Ina jin Hajiya ta riga ta ba ka labari da bakinta, don da farin ciki ta bar gidana. Na gode mata, kuma godiyar gaskiya na yi, don tsohuwa ce ta hau keke da ciwon gwiwa ta zo girmama ni. Hawayen da ta gani kuwa na rasa yadda zan fassara mata su, sai na bar su a yadda ta ɗauka.

Na duba su a maikiroskof ranar Litinin. Wayoyin zinaren babu ko ɗaya a duka ukun. Na farko ya tashi aiki gaba ɗaya, don har matattarar zinaren da wayar ke sauka a kai ta goge, dutse ne kawai mai kyan gani. Na biyu an karce rabin matattararsa, na gwada shi, wuta tana zurarewa ta inda bai kamata ba. Na uku mai ne ya lulluɓe shi, ban iya ganin abin da ke ƙasa sosai ba, kuma ban so in taɓa shi sai na yi tunani.

Gurbin da ka wahala a kansa yana nan a cikin dutsen, babu garin da zai kai gare shi. Hanyar da za mu kai masa wuta ce ta yanke. Na zauna a kan kujerar nan mai ƙafa uku da rabi da ka sani, na yi dariya, na yi kuka, na sake yin dariya, har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ka gaya mini gaskiya, akwai wasu da za ka iya turowa kafin Oktoba?

Ubangiji ya ba mu mafita.

Malamarka,
Hadassah

*

Daga Zikrullahi
Zuwa ga Malama Hadassah
Watan Yuli

Malama,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, yau ba ni da doguwar gaisuwa a bakina.

Babu wasu. Kafin in sami layi a ɗakin ƙira, a harbi dutsen a fitar da ƙwayoyin, a gasa shi, a ɗinka wayoyi, sai tsakiyar baɗi. Ko ki dawo mini da na ukun a gyara a nan, kafin a samu mai tafiya ya je ya dawo lokaci ya ƙure, kuma Ndaceko ba zai sake zuwa ba bana.

Na karanta wasiƙar Nna sau biyu, raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Shekara guda ta aikina ta tafi a kwanon ruwan ɗumi. Sunanki ne a kan akwatin, ba nata ba. Ndaceko kuma da bakina na ce masa daga tasha sai ofis ɗinki, amma da Nna ta yi magana ɗaya sai ya bi. Gobe zan kira su duka biyun su ji abin da suka yi. Ita ce kullum take tambayar yaushe zan dawo, ga shi da hannunta ta ƙara mini shekara huɗu.

Ina ganin gara in sa hannu a takardar shugabana tun bai ba wani ba. Ki yafe mini wahalar da na sa ki a banza.

Na gode, Malama.

Zikrullahi

*

Daga Malama Hadassah
Zuwa ga Zikrullahi
Watan Yuli

Zikiru,

Muna lafiya. Na ga saƙonka, kuma na bar shi ya huce kafin in amsa, kai ma ina fata ka huce.

Ba za ka kira kowa ba. Kai da aka haifa a Tudun Wada ka ba mutum jaka ka zaci zai wuce ƙofar mahaifiyarka da ita? Ko ni da na fito daga Kudancin Kaduna na san ba a yi. Ka rubuta sunana a kan akwati ka tsaya nan, sai ka ce a Jamus za a buɗe shi. Ran da ta zo na tambaye ta ko ta san aikin da kake yi. Ta ce kana aikin lantarki a Turai, har maƙwabta suna kawo mata tambaya a kan mitarsu ta tura maka. Matar da ba a gaya wa komai ba, ta ga abu mai ƙura za a kai wa malamar ɗanta, me kake so ta yi in ba abin da aka koya mata a gidansu ba?

Yanzu ga aiki. Na jiƙa na ukun a asiton, man ya fita, kuma matattarar zinarensa tana nan lafiya lau. Gajiyar hannun Hajiya ta yi mana rana. Ba ni da injin ɗinka waya, amma ba dole sai an ɗinka ba, ana iya dafa matattarar da allura. Ina da ragowar wayar tungustan a kabad. Na sayo soda a wurin masu sabulu a Kasuwar Kure, zan riƙa cinye bakin wayar a ruwan sodan da wutar batir har ta yi tsini. Sukurorin tsohon maikiroskof ɗin da ya lalace za su riƙe mini allurar su sauke ta a hankali. An yi haka a wurare da yawa kafin a haife ka. Ban ce zai yi ba, matattarar ƙanƙanuwa ce kuma idona ba na da ba ne, amma zan gwada har ranar ƙarshe.

Abu biyu nake so a wurinka. Kada ka sa hannu a komai sai ka ji daga gare ni. Sannan ka zauna ka rubuta wa mahaifiyarka abin da kake yi, da Hausar da za ta gane, ba tare da ka ɗora mata laifi ba. Idan har za ka iya yi wa Turawa bayani su tafa maka, ita ta fi su cancanta.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Malamarka,
Hadassah

*

Daga Zikrullahi
Zuwa ga Hajiya Aishat
Watan Agusta

Wa alaikumus salam Nna,

Barka da gida, ya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Ina fata ruwan sama bai hana ki fita ba. Ki gaishe mini da Ndaceko da mutanen layi. Na ji daɗi da man zafin ya yi amfani, zan nemo miki wani.

Na gode da kika kai wa Malama saƙo da ƙafarki. Ta ce tasar tana kan teburinta, dambun kuwa Baban Wisdom bai bar mata da yawa ba.

Yau ina so in gaya miki aikin da nake yi, don ba gyaran mita ba ne. Kin ce ba ki taɓa ganin dutse mai taurin wancan ba, kuma kin yi gaskiya, danginsa ne ake yin dutsen wasa wuƙa da su. A wurinku dutse mai kyau shi ne wanda ba shi da tabo a ciki. Mu kuwa tabon muke nema. Dutsen an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a jere kamar dutsen wuya a zare. Sai mu cire ƙwaya ɗaya mu bar gurbinta. A gurbin nan wata 'yar ƙwayar lantarki takan maƙale, tana iya fuskantar sama ko ƙasa, kuma tana riƙe inda aka juya ta, shi ya sa ake sa ran wata rana za ta ajiye saƙo. Idan aka ba ta wuta sai ta saki haske. Fitilar gida tana zubo haske ne da yawa a lokaci guda, ita kuwa wannan ƙwaya ɗaya take saki, sai ta tafi sannan wata ta biyo.

Amfaninsa shi ne idan aka ɗora saƙo a kan haske mai fita ɗai-ɗai, duk wanda ya tare shi a hanya don ya saci ji sai an gane. Abin da ya daɗe yana ba mutane wahala shi ne haɗa gurbin nan da kayan lantarki irin na cikin wayarki, don ya yi aiki da batir kawai. A kan wannan na yi shekarun nan. Wutar tana shiga dutsen ne ta wasu wayoyin zinare da ido da ƙyar yake ganinsu.

Malama tana da ɗakin da ake auna irin wannan haske a nan Minna, ita ta gina shi da kanta. Ki riƙa sa ta a addu'a, tana wani aiki mai wuya a kwanakin nan.

Nna, duk abin da na iya da hannuna a wurinki na gado shi, har shugabana yana cewa bai ga mai haƙurin goge abu kamata ba. Na gode.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanki,
Zikiru

*

Daga Hajiya Aishat
Zuwa ga Zikrullahi
Watan Agusta

Assalamu alaikum Zikiru,

Lafiyata ƙalau. Na karanta takardarka a hankali, na kai wurin wayoyin zinare sai na ajiye gilashina. Yanar da na share ke nan, ko ba ita ba ce? Ni tsohuwa ce amma kaina bai tsufa ba.

Ban tsaya jiran amsarka ba, na je Maitumbi. Maman Wisdom ta so ta yi mini kwana-kwana, ta kawo kunu, ta ɗauko hirar tsadar tumatir. Na ce mata mu biyu mun girmi wannan. Sai ta gaya mini duka, har maganar Oktoba da takardar da shugabanka ya ajiye maka. Ashe hanyar dawowarka ce ka ba Ndaceko a aljihu, ni kuma na sa ta a ruwan ɗumi.

Na ba ta haƙuri, ta ce in daina, wai ba a ba ta kyautar da aka wahala a kanta kamar wannan ba tun ranar aurenta. Matar nan Allah ya biya ta. Kai ma na ga yadda ka rubuta takarda mai tsawo ba ka ce mini kin yi kuskure ba ko sau ɗaya. Na san daga inda ka samo wannan, don halinka na sani, fushin ubanka ne da kai. Na gode muku ku biyun, kuma ka yafe mini.

Idan abin bai gyaru ba, ka sa hannu a takardar mutanenka ka yi aikinka da zuciya ɗaya. Kada ka dawo ka zauna hannu rabbana saboda ni. Tambayar da nake maka a ƙarshen kowace takarda kuma na daina ta daga yau, ba ni da bakin yin ta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Aishat

*

Daga Malama Hadassah
Zuwa ga Zikrullahi
Watan Satumba

Zikiru ɗana,

Gaisuwa daga Minna. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, ban so in rubuta maka rabin labari ba.

Allurai sun ba ni wuya fiye da yadda na zata. Wasu su fito da baki kamar muciya, wasu su yi tsini amma da sun taɓa zinaren sai su lanƙwashe. Ɗaya ta zame ta yage gefen matattarar, ranar na kulle ɗakin na tafi gida. Ga motocin da ke wucewa, duk wadda ta gifta sai tebur ya girgiza allurar ta ɗaga. A ƙarshe na koma yin aikin ranar Lahadi bayan an tashi coci, lokacin da harabar take shiru.

Hajiya ta gano haka, ban san wa ya gaya mata ba. Kowace Lahadi sai in tarar da ita a kan benci a ƙofar ɗakin da kular abinci. Na yi na yi ta shigo ta ƙi. Tana zaune tana jan carbi, hannuwanta a cikin hijabi, in na fito ta dube ni, in girgiza kai, ta buɗe kula ta ce in ci. Ban taɓa ƙiba a tsakiyar wahala ba sai bana.

Lahadin da ta wuce allurai biyu suka zauna. Na rufe labule, na ɗaga wutar kaɗan-kaɗan, diyod ɗin ya amsa kamar yadda ka rubuta zai yi. Na yi ta yawo da madubin tattara haske a kan dutsen har na faɗa kan wani ɗigo da ƙirgen ya tashi a kansa. Na raba hasken gida biyu zuwa na'urorin ƙirga, na zauna ina kallon zanen yana taruwa a kwamfuta. Zikiru, ramin nan da ke nuna hasken ɗai-ɗai yake fita ya fito a tsakiyar zanen. Bai yi zurfin naka na can ba, akwai hasken banza da ke shigowa ta inda allurar ta yage, amma ya sauka ƙasa da rabi yadda ake buƙata, kuma na maimaita ya sake sauka.

Na fita na ce wa Hajiya yau kam sai ta shigo. Ta cire takalmi, ta shigo da hannuwanta a baya kamar 'yar firamare. Na nuna mata na'urorin biyu, na ce idan wannan ta ga haske waccan ba ta gani, ba sa taɓa gani tare, don ƙwaya ɗaya ce ke fitowa kuma ba ta rabuwa. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce, "Maman Wisdom, wannan ya isa ya kawo shi gida?"

Na ce mata ban sani ba, kuma gaskiyar ke nan. Na tura wa gidauniyar sakamakon jiya, na rubuta musu yadda aka yi wayoyin suka tafi da yadda muka kai wa dutsen wuta, ban ɓoye komai ba sai sunan mai man kaɗe. Sauran yana hannunsu da hannun Ubangiji.

Ni dai na gode maka da ka amince da ɗakin nan ka turo aikin shekararka. Na yi shekaru ina koyar da wannan abu a kan allo, sai ranar Lahadi na gan shi da idona.

Ubangiji ya sa mu ji alheri.

Malamarka,
Hadassah

*

Daga Zikrullahi
Zuwa ga Hajiya Aishat
Watan Oktoba

Assalamu alaikum Nna,

Barka da gida, ya ƙarfin jiki?

Amsar gidauniya ta zo yau, sun yarda. Na mayar wa shugabana takardarsa babu sa hannu, ya yi mini fatan alheri. Ki je Maitumbi ki yi wa Malama godiya a madadina kafin in zo in yi da kaina, don tawa ta waya ba za ta isa ba.

Tambayar nan da kika ce kin daina, ki yi mini ita, Nna. Yanzu ina da amsa.

Allah ya ƙara lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗanki,
Zikiru